Amsa ga mai zuwa karatu Ingila: yadda ake gane gidan abincin 'yan Asiya na kirki

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce a watan Satumba za ka sauka Birmingham don digiri na biyu, an gaya maka abincin Turawa ba zai karɓe ka ba, gidajen abincin 'yan Najeriya kuma ba ko'ina suke ba. Shi ne kake tambaya ko na 'yan Asiya zai fisshe ka, da yadda za ka bambanta na kirki da na jeka-na-yi-ka, da na halal. Zai fisshe ka ƙwarai, don bayan girkin gida babu abincin da ya fi kusa da harshen Bahaushe a ƙasar nan kamar nasu. Amma sai ka san inda za ka dosa da abin da za ka tambaya.

Da farko ka riƙe cewa a Ingila in an ce "Asian" yawanci mutanen Pakistan da Indiya da Bangladesh ake nufi. 'Yan China da Japan da Koriya da Thailand kowa da sunansa ake kiransa. Wannan bambancin zai yi maka amfani, saboda ta fuskar halal gidajen biyu ba su yi kama ba ko kaɗan.

Kada ka fara nema a tsakiyar gari ko a Selly Oak inda ɗalibai suka yi yawa. Ka bi masu abincin zuwa unguwanninsu. A Birmingham ka hau bas mai lamba 6 ta bi da kai Stratford Road, ka sauka Sparkbrook ko Sparkhill, ka taka zuwa Ladypool Road da Stoney Lane. Yankin nan ne ake kira Balti Triangle, inda 'yan Pakistan da Kashmir suka fito da girkin balti a shekarun 1970: nama da kayan miya a ɗan kasko na ƙarfe marar kauri, a dafa da wuta mai ƙarfi cikin mintuna kaɗan, a kawo maka a kaskon yana tafasa. Akwai kuma Alum Rock Road, da Coventry Road a Small Heath inda za ka haɗu da Larabawan Yaman da Somaliyawa. In tafiya ta kai ka Manchester, Wilmslow Road a Rusholme da Cheetham Hill. A Landan kuwa Whitechapel da Green Street da Tooting da Southall. Hanya mafi sauƙi ta samun sunan gida takamaimai ita ce ka tambayi direban tasi ɗan Pakistan inda shi da kansa yake ci, ko ka tambayi mutane bayan an sauko daga Juma'a a masallacin Green Lane ko babban masallacin Highgate. Matambayi ba ya ɓata.

Yanzu ga abin da ke ruɗar sababbin zuwa. Gidajen nan iri biyu ne, ko da allon ƙofarsu ya yi kama. Na farko don Turawa aka buɗe shi. A kicin ɗinsa akwai ƙatuwar tukunya guda ta romon albasa da tumatir da kurkum, naman kuma an riga an dafa shi daban. In ka ce korma, a ɗebi romon a zuba kirim da kwakwa da sukari. In ka ce madras, a ɗebi romon dai a ƙara barkono. In vindaloo ne a sake ƙara barkono. Shi ya sa za ka ga miya arba'in a takardar abincinsu amma ɗanɗanonsu kusan ɗaya, naman kuma bai sha miya ba. Ba haram ba ne, ba ƙazanta ba ce, amma kuɗinka zai tafi ba ka ci abin da kake nema ba. Na biyu shi ne inda su kansu suke ci. Alamarsa: abinci bai fi goma zuwa goma sha biyar ba, nama da ƙashinsa, miya a jere cikin manyan tire a bayan gilashi kana nuna wadda kake so, tanderu na ci a gefe, ga mata da yara da tsofaffi zaune suna ci da hannu. In ka ga an rubuta cewa wani abincin sai Asabar da Lahadi ake yinsa, ko ana sayar da girkin naman da suke kira karahi da kilo ko rabin kilo, to ka zo wurin. Ko a gida na farkon ma, in ka ce a yi maka "desi" ko "apna style", wato irin na gida, sau da yawa mai girkin zai gane ya canza hannu.

Abin da za ka fara da shi ba zai yi maka baƙo ba. Naan da roti 'yan'uwan gurasa ne, a jikin tanderu ake manna su, kuma mai kyau za ka ga ya yi ƙuna-ƙuna a baya, ya kumbura, yana tururi in ka yaga. Wanda ya zo maka lagwaf yana da danƙo, ɗumama shi aka yi. Paya farfesun ƙafa ne, romonsa har manne leɓe yake. Nihari naman ƙwauri ne da aka bari a wuta sa'o'i da yawa har ya narke, ana watsa masa yankakkiyar citta da lemun tsami, da safe ake cinsa. Karahi nama ne da tumatir da ɗanyen barkono, babu ruwa da yawa. Rabin kilo da naan uku ya ishi mutum biyu. Bhindi kuɓewa ce, sai dai soya ta suke yi har yauƙin ya tafi. Biriyani kuwa ka duba ƙwayar shinkafar: ta gaske doguwa ce, a warware, wani wuri fari wani wuri rawaya, saboda hawa-hawa aka jera ta da nama aka turara. Wadda ta zo launi ɗaya ja-ja-ja tana maiƙo, dafaffiyar shinkafa ce aka juya da miya. In ka yi marmarin waina ko sinasir, nemi gidan mutanen kudancin Indiya ko Sri Lanka ka ce dosa ko idli. Ƙullun shinkafa da wani baƙin wake ne da ya kwana ya tashi, ɗan tsamin nan da ka sani yana ciki. Lassi kuma kindirmo ne aka dama, da sukari ko da gishiri.

Abu biyu za su iya ba ka mamaki. Ɗaya, korma da tikka masala zaƙi gare su, wanda ya saba da miyar attaruhu ba zai ji daɗinsu ba. Biyu, ɗanyen ganyen koriyanda da suke barbaɗawa a kan komai, wasu mutane ɗanɗanon sabulu yake yi musu. Ka ce kada a sa maka, da sunan dhania suka san shi. In yaji kake so na gaske, 'yan Bangladesh suna da barkono mai suna naga wanda ya fi attaruhu zafi nesa ba kusa ba, ka fara da kan cokali.

Sai maganar halal, wadda ita ce na fi so ka natsu a kanta. Rubutun "halal" a jikin gilashi kowa na iya manna shi. Akwai hukumomin da ke ba da shaida, manya biyu da za ka fi cin karo da su su ne HFA (Halal Food Authority) da aka kafa a 1994 da HMC (Halal Monitoring Committee) da aka kafa a Leicester a 2003. HFA ta amince a sumar da dabba kafin yanka matuƙar sumar ba ta kashe ta ba. HMC ba ta yarda da sumarwa ba sam, sai yankan hannu, kuma tana bin naman daga mayanka har shago. Mafi yawan naman halal a ƙasar nan an sumar da shi kafin a yanka. Wanne za ka bi, wannan tsakaninka da malamanka ne, gara ka tambaya tun kana gida. In HMC ka zaɓa, kada ka tsaya ga takardar da ke jikin bango, don tana iya zama tsohuwa. Shiga shafinsu na intanet ka duba ko sunan gidan yana nan.

Ko wanne ka zaɓa, ka buɗe baki ka yi tambaya kafin ka zauna, ba wanda zai ga baƙinka. Duk naman ne halal ko kaza kaɗai? Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, saboda gidaje da dama kazarsu ce kawai halal, rago da sa ba haka ba. Ana dafa alade a kicin ɗin? In ana yi, man suya da ragar gashi ɗaya ne ko an raba? Ana sa giya a miya? Mai gaskiya nan take zai amsa, har ya faɗa maka mahaucin da ke kawo masa nama. Wanda ya fara kame-kame ko ya ce "ina jin haka ne", ka yi masa godiya ka fita. Ka kuma san cewa ba kowane ɗan Punjab ne Musulmi ba. Mabiya addinin Sikh masu riƙo ba sa cin yankan Musulmi, suna da nasu yankan mai suna jhatka, don haka a Soho Road ta Handsworth ko a Southall kada ka ɗauka halal ne don ka ga rawani da gemu. A irin wuraren nan, da gidajen 'yan Gujarat kamar na Belgrave Road a Leicester, abincin ganye da wake zalla shi ne mafita, kuma sun iya shi sosai. Wani abin kuma: wasu gidajen balti na Musulmi ba sa sayar da giya amma suna barin mutum ya shigo da tasa. In ba ka son zama kusa da masu sha, ka je da rana ko ka tambaya tukuna.

A gidajen 'yan gabashin Asiya kuwa, matsalar ba a naman da kake gani take ba, a ɓoye take. 'Yan China suna zuba giyar shinkafa mai suna Shaoxing a suya da yawa, har da na kaza da kifi, kuma wonton da siu mai da char siu duk alade ne in ba an ce maka akasin haka ba. Taliyar Japan mai suna tonkotsu da ƙashin alade ake dafa romonta, ko da kaza aka ɗora a sama. Abubuwan da 'yan Japan ke kira "mirin" da "sake", waɗanda ke shiga miyar teriyaki, su ma giya ne. A wurin 'yan Thailand kalmar "moo" alade take nufi. Burodin banh mi na Vietnam yawanci da niƙaƙƙiyar hantar alade ake shafe shi. Saboda haka cewa "a ba ni na kifi" bai wadatar ba. Mafitarka ita ce Musulmin yankin: gidajen Uighur masu taliyar laghman da tsiren rago, da masu taliyar naman sa ta Lanzhou waɗanda suka nuna shaidar halal, da 'yan Malesiya da Indonesiya Musulmi. A wurin 'yan Malesiya ka nemi satay, tsire ne a tsinke da miyar gyaɗa, da rendang, naman sa da aka dafa da madarar kwakwa har ya tsotse.

Tsafta kuma ba sai ka yi hasashe ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar, FSA, tana da maki daga 0 zuwa 5 da jami'an ƙaramar hukuma ke bayarwa bayan sun duba yadda ake sarrafa abinci da yanayin ginin da yadda ake ajiye bayanai. Koren tambari ne da baƙi a jikin ƙofa. A Wales da Ireland ta Arewa dole ne a manna shi, a Ingila ba dole ba, don haka gidan da bai manna ba ka buga sunansa a shafin hukumar kafin ka shiga. Ni shawarata 4 ko 5. Mai 3 ka duba ranar da aka je binciken. Ƙasa da haka ka haƙura komai ƙamshin da ke fitowa. Makin na tsafta ne kawai, bai ce komai kan daɗi ko halal ba. In jikinka ba ya son gyaɗa ko riɗi ko madara, ka faɗa, doka ta wajabta musu bayyana abubuwa 14 masu tayar wa mutane da rashin lafiya.

Taurarin Google Maps kada su ruɗe ka. Ka jera sharhin daga sabo zuwa tsoho, ka karanta na watanni ukun baya, don mai girki na canzawa suna bai canza ba, ka kuma fi ba sharhin 'yan Asiyan da abincin nasu ne nauyi. Manhajojin kawo abinci irin su Just Eat da Deliveroo da Uber Eats farashinsu yakan fi na cikin shago, ga kuɗin kawowa, kuma kicin ɗaya na iya fitowa da sunaye uku ko huɗu. Ka duba adireshin. Naan da dosa ma ba sa jure tafiya, kafin su iso sun yi sanyi sun mutu.

Wurin biya ka duba takardar. Gidajen zama na alfarma, musamman a Landan, sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari na hidima, abincin fam 40 ya koma fam 45. In an rubuta cewa na ganin dama ne, kana iya cewa a cire. Papadam, wata siririyar gurasa mai ƙaras-ƙaras, da 'yan miyoyin da ake ajiye maka da zarar ka zauna sau da yawa ba kyauta ba ne. Ruwan famfo kuma ka ambace shi da sunansa, in ba haka ba na kwalba za a kawo a caje ka.

Abincin nan mai da man shanu sun yi masa yawa, aljihun ɗalibi ma ba zai ɗauki kullum ba. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, sauran ranaku ka sayi nama da kuɓewa da attaruhu a shagunan titunan nan ka girka. Ragowar da ka taho da ita gida, musamman shinkafa, ka sa ta a firji cikin awa ɗaya, kada ta wuce kwana guda, ka ɗumama ta sau ɗaya tak har tsakiyarta ta yi tururi. Sanyin ɗaki yana yaudarar mutane su bar ta a kan tebur ta kwana, alhali ƙwayar cutar da ke cikin shinkafa tana fitar da dafin da ɗumame ba ya kashewa, kuma amai da gudawa ne ke biyo baya cikin 'yan sa'o'i.