Amsa: Sare gawo a gonarka

Malam, ka ce gawo ya tsufa a gonarka ta wajen Mirya, a jihar Damagaram ta Nijar, kana tambaya ko za ka iya sare shi tunda gonar taka ce. A'a, sai da takardar izini. Gawo na cikin itatuwan da dokar daji ta Nijar, ta shekarar 2004, ta ba kariya, kuma mallakar gona ba ta ɗauke wannan. Ka je ofishin 'yan gandun daji na karamar hukumarku, ka faɗi inda iccen yake da dalilin sarewa. Su zo su gani da idonsu, ka biya abin da suka yanka, ka karɓi takardar shaidar biya kafin gatari ya taɓa shi.

Sai dai in don kana ganin ya mutu ne kake son sare shi, ka tabbata ya mutu da gaske. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya tofo da rani, shi ya sa masu gaggawa ke ɗaukar rayayye matacce; kankare ɓawon kaɗan, in cikin ɗanye ne, da ransa. Ranar ɗauko iccen kuma takardar ta kasance a hannun mai amalanke, don a hanya ake yawan kamawa, a ƙwace iccen, a ci tara.