Dankalin ƙanƙara na leda: da gaske maganin gawa ake zuba masa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan abinci a Kaduna, kuma na daɗe ina sayen yankakken dankalin turawa na leda, mai ƙanƙara, na kamfanin McCain. Kwanan nan aka turo mana saƙon murya a WhatsApp cewa duk irin wannan dankali maganin da ake yi wa gawa ake zuba masa, shi ya sa yake shekara bai lalace ba. Hankalina ya tashi ƙwarai, don 'ya'yana ma suna ci. Su wane ne masu kamfanin nan? In daina saye ne? Ni dai nawa in an ɗauke wuta ya saki, da an kawo sai in bar shi ya sake daskarewa, tunda sanyi yana kashe komai.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Saƙon nan bai kai ya hana ki barci ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne maganarki ta ƙarshe, zan kuwa zo kanta.

McCain kamfanin 'yan gida ɗaya ne, har yau yana hannun zuri'arsu. A 1957 Harrison da ƙanensa Wallace McCain, da goyon bayan yayyensu Robert da Andrew, suka buɗe masana'anta a Florenceville, wani ƙaramin gari na manoman dankali a lardin New Brunswick, gabashin Kanada. Mahaifinsu dama dillalin irin dankali ne mai fitar da shi ƙasashen waje. Da ma'aikata 30 suka fara. Kafin ƙarshen shekarun 1960 sun kafa masana'anta a Scarborough ta Ingila, daga nan sai Ostireliya, Holan, Faransa, Ajantina, Afirka ta Kudu, Indiya da Sin. Sukan kai masana'anta kusa da gonaki ne, su ɗaure yarjejeniya da manoma kan irin da za a shuka, domin jigilar ɗanyen dankali mai nisa asara ce. A 1994 rigimar wanda zai gaji shugabanci ta raba 'yan'uwan biyu, aka sauke Wallace. Yanzu babban ofishinsu yana Toronto, kuma kamfanin yana cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yankakken dankalin da ake soyawa a duniya nasa ne. Abokan gogayyarsa su ne Simplot da Lamb Weston na Amurka, da masana'antun Beljiyam. Ki juya bayan ledarki za ki ga ƙasar da aka yi naki.

Abin da ake yi masa ba ɓoyayye ba ne. A fere shi da tururi, a harba shi cikin ruwa mai ƙarfi ta kan wuƙaƙe ya fito a yayyanke, a ɗan tafasa, a tsane, a yi masa rabin suya, sannan a daskarar da shi zuwa digiri 18 ƙasa da sifili. Wasu nau'o'in ana sa musu ɗan sukarin masara don launi, da wani gishirin sinadari mai hana shi yin toka-toka, duk a rubuce suke a jikin leda. Sanyin shi ne yake riƙe shi. Da akwai maganin gawa a ciki, me zai sa kamfani ya riƙa biyan kuɗin kwantena mai sanyi daga Turai har Legas? Mai saƙon muryar bai taɓa tambayar kansa wannan ba, kuma na tabbata bai faɗi sunansa ko inda aka yi gwajin ba. Ba sa taɓa faɗa.

To, Hajiya, sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Zan sake faɗa, domin babu makon da ba na jin wannan daga bakin masu gidajen abinci, har da masu digiri: ba ya kashe su. Barci yake sa su, kamar kwaɗo a cikin ƙasa da rani, ruwan farko sai ki ji shi. Da dankali ya saki, suka ji ɗumi, sai su farka su ci gaba da hayayyafa. In kin sake daskarar da shi, kin adana su ne da yawan da suka kai, gobe in ya sake saki daga nan za su ɗora. A 2018 hukumomin Turai sun gano cewa daskararriyar masara da ganyayyaki daga wata masana'anta a Hangari su ne suka yaɗa ƙwayar cutar listeriya a ƙasashe biyar, mutum 9 suka mutu. Can fa ba a ɗauke wuta.

Za ki ce ai soyawa kike yi a tafasasshen mai. Gaskiya ne, suya mai kyau tana kashe ƙwayoyin. Amma wasunsu, in sun samu sa'o'i cikin ɗumi, sukan bar dafi a jikin abinci, shi kuwa dafin wuta ba ta karya shi. Shi ne za ki ga mutum ya ci abinci da zafinsa, bayan 'yan sa'o'i ya kama amai. Ga kuma abin da na fi gani: firiza ɗaya, kaji da kifi a sama, buɗaɗɗiyar ledar dankali a ƙasa. Wuta ta tafi, jinin kaza ya tsiyaye a kai, wuta ta dawo, komai ya daskare fes kamar ba a yi ba. Yarinyar kicin ta ɗebo da hannu, ta juya da hannun nan ta yanka kabeji. Sai a ce sammu ne, ko a ɗora wa Turawa.

Wani kuma ya ce ya sansana bai ji wari ba. Yawancin ƙwayoyin da suke kwantar da mutum ba sa canza wari ko ɗanɗano. Hanci ruɓa kawai yake ganewa.

Firiza da take cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi wajen kwana biyu, mai rabi kuma kwana ɗaya. Saboda haka in an ɗauke wuta, ki hana kowa leƙawa. Dankalin da har yanzu da ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi, sai dai zai sha mai ya yi laushi. Wanda ya saki gaba ɗaya har sanyi ya bar shi na sa'o'i, ki zubar, komai tsadar kwalin. Ki sayi ma'aunin sanyi ki ajiye a ciki, ki raba nama da dankali.

Haka wajen saye. Dankali mai lafiya in kin girgiza ledar za ki ji shi warwas, kowane da kansa. In ya dunƙule ya zama curi guda, ko kin ga tarin ƙanƙara a gindin ledar, ya taɓa narkewa a hanya ko a shago. Ki mayar wa dillalin, ko da ya rantse miki cewa janaretonsa bai taɓa mutuwa ba.