Tambaya da Amsa: In aka ce cancanta zalla, ba mu za a bari a baya ba?

TAMBAYA: Salam Malam. Na gama digiri har na yi bautar ƙasa, amma duk inda na kai takardu sai a ce sai ina da uwa a gindin murhu, wani ma cewa ya yi in kawo kuɗi a samo min ofa. Shi kuma yayana ya dage wai in aka koma ɗaukar aiki da jarrabawa 'yan Arewa ne za su sha ƙasa. Don Allah cancantar nan tana gyara gwamnati kuwa?
Daga wani mai karatu a Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tana gyarawa mana, ai ma'aikaci wanda ya ba shi aikin shi yake yi wa biyayya. In sanata ne ya kawo shi, ranar da fayil ɗin kwangilar sanatan ya sauka a teburinsa da wane baki zai ce ba a bi ƙa'ida ba? Shi kuwa wanda ya sayi ofa, kafin ya tuna da talaka sai ya fara mayar da kuɗinsa tukuna, kuma ka san ba daga albashi za su fito ba.

Amurka ma ta sha wannan. A da duk jam'iyyar da ta ci zaɓe sai ta raba wa 'yan kanzaginta ofisoshi, har a 1881 wani Charles Guiteau da ya yi ta zarya neman muƙami bai samu ba ya bindige Shugaba James Garfield, shi ne a 1883 suka yi dokar Pendleton ta ɗaukar aiki da jarrabawa. A 1999 kuma wasu masana, Peter Evans da James Rauch, sun duba ƙasashe 35 masu tasowa suka ga masu ɗauka bisa cancanta tattalin arzikinsu ya fi saurin haɓaka.

Maganar yayanka kuwa, tsoronsa yana da tushe don an bar mu a baya a boko, amma ya haɗa abu biyu ne. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi kar wani yanki ya mamaye gwamnati, ba wai a miƙa gurbin Zamfara ga ɗan wane da ko hanyar ƙauyensu bai sani ba. A ware wa kowace jiha kasonta, 'yan jihar su fafata a jarrabawa, wanda ya fi ya ɗauka, shi kenan fa. Yanzu kason yana nan a takarda amma a ɓoye ake cike shi, kwamitin majalisar wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta a 2023 ya tono yadda hukumomi ke karɓo izinin ɗaukar ma'aikata ba tare da talla ba, to wa zai ji labari in ba 'yan gida ba?

Kuɗin ofa dai kar ka bayar, da yawa 'yan damfara ne, ko ta gasken ce in ta fashe kai ma kana ciki. Ka riƙa leƙa shafin Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da ta jiharku, in sun buɗe ka cike.