Rinjaye, tsiraru, da wanda ya ce sulhu cin amana ne

Wani ɗalibi daga Gusau ya rubuto yana tambaya, wai Malam mene ne bambancin marasa rinjaye da tsiraru, kuma tunda Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, me ya sa jam'iyya mai yawan kujeru a majalisa za ta zauna sulhu da 'yan adawa, ba cin amanar masu zaɓe ba ne?

To ɗana, fara da kalmar kanta. Rinjaye daga rinjaya ne, wanda duk ya taɓa ɗora wa jaki mangala ya san ta, in taki ya fi yawa a ɓari ɗaya sai ka ga kayan sun karkata, jakin na tafiya a gicciye, mai shi na bi yana tallafa da kafaɗa, in bai tsaya ya gyara ba kafin a kai gona kayan na ƙasa. Kalmar na nuna akwai ɗaya ɓarin, kuma da nauyinsa ake tafiya. Marasa rinjaye lissafin kujeru ne, zaɓe ɗaya kan juya shi, PDP ta riƙe majalisar ƙasa daga 1999 amma a 2015 ta koma wancan ɓarin. Tsiraru kuwa mutane ne 'yan kaɗan a ƙabila ko addini, su zaɓe ba ya ƙara musu yawa, shi ya sa ni na fi jin tsoro a kansu.

Tsoron nan tsoho ne. A 1957 Turawa suka kafa kwamitin Willink don ya saurari koken tsiraru, rahotonsa na 1958 ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan adam cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. Yau ma sashe na 9 na kundin 1999 ya ce ba a taɓa tsarin mulki sai da kashi biyu cikin uku, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 su amince, in babin haƙƙoƙi ne ma sai kashi huɗu cikin biyar na sanatocin da na wakilan. Ka ga sanata 37 sun isa su tsayar da magana cak.

Karin maganar da ka kawo kuma ai talakawa take ƙarfafa wa gwiwa a gaban azzalumi, wallahi ina jin ciwo in na ji an mai da ita bulalar dukan 'yan kaɗan.

Sulhu kalmar Larabci ce, tushensu ɗaya da maslaha, ma'anarsa gyara, tamu ta gida ita ce sasantawa, kowa ya sassauta kaɗan. Cin amana shi ne a shiga ɗaki a raba kwamitoci da motoci a fito a ce an sasanta. Amma in ɗan adawa ya miƙe ya ce sakin layi kaza zai cuci mutanensa aka gyara, wannan gyara kayanka ne, bai zama sauke mu raba ba.