An zuƙe wa mahaifina ruwa a ƙirji, ya sake dawowa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ɗan shekara 63 ya yi wata biyu yana haki. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce ruwa ya taru, aka zuƙe kusan lita guda. Bayan mako uku ruwan ya dawo. Yanzu gwaggona ta hana shi shan ruwa sosai. Daidai ne?
Daga wata mai karatu a Funtuwa

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ki ce wa Gwaggo ta bar shi ya sha ruwansa, sai in likitansa ne ya ƙayyade masa. Ruwan randa ba ya gangarawa can. Huhu na lulluɓe da tantani biyu, tsakaninsu akwai ɗan ruwa da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Shi ne ke yawa har ya danne huhu.

Ruwan iri biyu ne. Akwai tsararo mai ƙarancin furotin, wanda ke tsattsafowa idan zuciya ta gaza, ko hanta ta lalace, ko ƙoda na zubar da furotin a fitsari. Wannan yakan kama ɓangarori biyu, sau da yawa har ƙafa ta kumbura. Akwai kuma mai yawan furotin, wanda kumburi ko ƙwayar cuta ke haifarwa: limoniya, sankarar huhu ko ta mama, da tarin fuka. A nan ƙasarmu, in na ga ruwa a gefe guda ga mutum yana rama yana zufa da dare, tarin fuka nake fara nema. Maganinsa wata 6 ne, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati.

Wani lokaci abin da allura ke jawowa mugunya ce ko jini. Nan sai an saka roba tsakanin haƙarƙari don a fitar da shi.

Abin da ya tsaya min a wasiƙarki shi ne ba ki ce an auna ruwan ba. Tun 1972 likitoci ke bin ma'aunin wani likitan Amurka, Richard Light, ana kwatanta furotin da sinadarin LDH na ruwan da na jini, a gane wane iri ne. Zuƙewa kawai kamar kwarfar rijiya ce, idonta na nan. Ku koma ku tambayi sakamakon. In ba a yi ba, ku nemi a auna a wannan karon, a haɗa da gwajin majina da hoton zuciya. In numfashinsa ya tsananta, ko cikin dare ne ku kai shi.