Amsa ga maman yaron da ke son koyon biyolon

Assalamu alaikum. Hajiya wallahi tun da na karanta tambayarki na kasa wucewa. Kin ce yaronki ɗan shekara 11 ya ga masu kaɗa biyolon, wato abin kiɗan Turawa mai kama da goge, a YouTube ya nace sai ya koya, dangin ubanshi sun ce goge ne ba za a yi a gidansu ba, kina tambaya ina ake koyo kuma ko ana cin abinci da shi. Ni an yi mani irin wannan.

Ina lise a Yamai wani bature maƙwabcinmu ya fara koya mani, da zai koma ƙasarsu ya bar mani nashi kyauta, na zo hutu Maraɗi da shi. Baffana ya jiyo sauti daga ɗaki, bai tambaye ni komi ba ya shigo ya fizge, ya fita da shi ƙofar gida inda dattawa ke zaune bayan la'asar, ya ce ku zo ku ga abin da boko ya maido muna, jikan malamai ya zama ɗan goge saura ya tara muna 'yan bori, sai ya maka shi da dakali. Wuyan ya ɓalle, tsirkiya ta tsinke ta tsarge ni a kumatu, yara na dariya suna tsintar katako, ba wanda ya ce kanzil. Innata na bayan ƙyaure tana ji, ba ta da bakin magana. Kuma bai tsaya nan ba, lokacin da na je neman aure sai da ya aika aka gaya ma iyayen yarinyar wai makaɗi ne za su ba ɗiyarsu. Har yau ina gaishe shi don Allah ya ce a yi zumunci, amma in na ga hannun nan nashi zuciyata tafasa take.

Da babba guda ya tsaya mani ran nan da ban bari ba. Don haka Hajiya kafin ki sayi komi ki samu babanshi ku zama baki ɗaya, sannan ku nemi kaka ko kawu wanda ake jin maganarshi ya tsaya ma yaron. Duk mun san abin da ake tunawa a Maraɗi in an ce goge. Ni ban raina goge ba, mai fitar da waƙa daga tsirkiya ɗaya ta izgar doki gwani ne. Amma ki nuna masu biyolon tsirkiya huɗu gare shi, sol re la mi, kuma karanta kiɗan ake a takarda, shekaru ake ana karatunshi. Ki buɗe masu bidiyon Randall Goosby, ɗan Amurka da aka haifa a 1996, ya fara yana shekara 7, ya ci gasar kiɗa ta Sphinx yana shekara 13, ya yi karatu hannun shahararren mai biyolon Itzhak Perlman, kamfanin faifan kiɗa na Decca ya ɗauke shi a 2020. In suka ce ai can Turai ne ki nuna masu ƙungiyar makaɗa ta Kimbanguiste ta Kinshasa da Armand Diangienda ya kafa a 1994, mutane ne masu sana'o'insu, har da wayar birkin keke sun yi tsirkiya saboda rashi.

Maganar cin abinci ba zan ruɗe ki ba, a Nijar da wuya, kar ya bar lakwal, ya samu bak ɗinshi, wato takardar gama lise, tukuna. Wurin koyo, in ya je hutu Yamai ku leƙa cibiyar koyon kiɗa ta CFPM Taya ya fara solfej, wato karanta kiɗa a takarda, ku tambayi malamin biyolon. In ya yi nisa akwai ƙungiyar kiɗa ta MUSON a Legas, tun 1983 take kuma tana da makarantar kiɗa, akwai kuma jarabawar kiɗa ta ABRSM mataki 1 zuwa 8 da ake yi a Najeriya. YouTube kaɗai ba ya gyara ma yaro riƙon baka, wato sandar da ake goga tsirkiya da ita, in hannu ya saba a karkace gyaran ya fi koyon wuya, ko ta bidiyon WhatsApp ne a samu malami ya riƙa dubanshi.

Kar ki sayo babba don ya girma da shi, ɗan shekara 11 galibi ɗan ƙaramin da ake kira 3/4 ne daidai hannunshi. Hunturunmu kuma maƙiyin katakon nan ne, yana tsaga shi, maɗauran tsirkiya su riƙa kwancewa, ki sa ɗan soso mai laima cikin gwangwani mai huji ki aje cikin akwatin, kar ruwa ya taɓa katakon, kar a bar shi cikin mota ko rana. In ya gama ya sassauta gashin bakan, kolofan kuma, wato ƙaron da ake goga ma gashin bakan, kaɗan ake gogawa. Akwai wani ɗan icce a tsaye cikin cikin biyolon ɗin, in aka kwance tsirkiyoyin duka lokaci guda yana iya faɗuwa, kuma ba aikin kafinta ba ne, don haka ɗaya bayan ɗaya ake canza su. In kin ga na sayarwa ki turo hotonshi gaba da baya nan gurup ɗin in duba maki kafin ki biya kuɗi.