Da gaske kotu na yanke wa mara laifi hukuncin kisa?

Tambaya: Na ga wani tallan masu adawa da hukuncin kisa, an sa hoton fursuna, aka rubuta cewa wataƙila ba shi ya aikata ba. Hakan na faruwa da gaske, ko neman tausayi ne kawai?

Amsa: Yana faruwa, kuma ba sau ɗaya ba. A 1950 aka rataye Timothy Evans a Landan bisa laifin kashe jaririyar 'yarsa. Babban mai shaida a kansa shi ne John Christie, wanda suke gida ɗaya. Bayan shekara uku sai ga gawarwakin mata a ɓoye a lungun kicin ɗin Christie, ta matar Christie ɗin kuma a ƙarƙashin daɓen ɗaki. An wanke Evans da afuwar sarauta a 1966, yana da shekara 16 a kabari. A Japan, an yanke wa Iwao Hakamada hukuncin kisa a 1968, sai a 2024 kotu ta wanke shi, ya riga ya tsufa tukuf. A Amurka kuwa, daga 1973 zuwa yau an wanke kusan mutum 200 da ke jiran kisa.

Hanyoyin kuskuren sanannu ne: mai shaida ya rantse ya ga fuska alhali cikin duhu ya hango ta, a matsa wa wanda ake tuhuma har ya amsa abin da bai yi ba, ko talaka ya faɗa hannun lauyan da bai ko karanta takardun shari'ar da kyau ba.

Sai dai kina da gaskiya da kika yi shakkar tallan, domin ba kowanne ne ke kan gaskiya ba. A 2000 kamfanin tufafi na Italiya, Benetton, ya baza hotunan fursunonin da ke jiran kisa a Amurka, fuskokinsu cike da allon talla. Waɗanda aka ce fursunonin sun kashe fa? Kusan ba a ambace su ba. Iyalansu suka fusata, kantunan Sears suka soke cinikinsu da kamfanin, jihar Missouri ta kai ƙara. Ni kaina ina adawa da wannan hukunci, amma wancan tallan ya ɓata min rai, don uwar da aka kashe wa ɗa ita ma tana da fuska.

A shekarar 2000 ɗin dai gwamnan jihar Illinois ta Amurka, George Ryan, mai goyon bayan hukuncin kisa, ya dakatar da shi. Babu allon tallan da ya sa shi. Lissafi ya duba: jiharsa ta kashe mutum 12 tun 1977, ta kuma wanke 13. A 2003 ya sassauta wa duk waɗanda suka rage, a 2011 jihar ta soke hukuncin baki ɗaya.

Don haka in kin sake ganin irin wannan talla, ki duba ko ya kawo sunan mutumin, da kotun da ta yanke hukuncin, da hujjar da ta ɓullo daga baya.